Sunan Ɗan Fari

Nuriyya tana tuƙa tuwon sadakar uku, wayarta ƙulle a bakin zane tana ƙona ta kamar garwashi. Kwana uku ke nan da sojoji biyu suka shigo Dakoro da jakar Tanimu. An tura su Tanimu farmaki can bakin iyaka, aka yi musu kwanton ɓauna, kaɗan ne suka dawo. A can aka binne shi.

Katanga ɗaya ta raba Nuriyya da uwarsa, Adawiyya. Ita Adawiyya ba ta da waya, don haka ta wayar Nuriyya yaron yake aiko da murya. Sai kwanakin baya akuyar Adawiyya ta ƙetaro ta cinye waken da Nuriyya ta shanya, aka yi cacar baki, gaba ta shiga. Ana cikin haka saƙon Tanimu ya zo. Nuriyya ta saurara, ta taɓe baki, ta ce sai an zo an ba ta haƙuri tukuna. A kan wake kwano biyu, jama'a!

Mata sai yabon Adawiyya suke, wai ko hawaye ba ta yi ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mai kunya ce. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wanga yaro".

Bayan la'asar mutane suka ragu. Nuriyya ta shiga ɗakin Adawiyya ta durƙusa, ta kasa ɗaga ido.

"Yaya, akwai amanarki wurina."

Ta danna. Muryar Tanimu ta cika ɗakin, har da 'yar dariyarsa.

"Inna, jibi za mu tahi aiki. Ki sa mu addu'a. Kuma don Allah, in za ki maido amsa, sau guda dai ki hwaɗi sunana in ji. Babu mai ji, daga ni sai Iya Nuriyya."

Adawiyya ta dubi wayar. "Yaushe ya aiko?"

Ƙarya ta zo wa Nuriyya har bakin leɓe: ai babu rezo, layi ya ɗauke, ai waya ta lalace. Wa zai ƙaryata ta? Ta haɗiye.

"Tun kahin su tahi. Ni na riƙe shi. Saboda akuya."

Ta jira zagi, da ma an zage ta da ta ji sanyi. Adawiyya ta miƙo hannu kawai.

"Ina ake dannawa?"

Nuriyya ta ɗora mata yatsa a wurin. Matar ta kai wayar bakinta, ta waiga ƙofa kamar mai shirin sata.

"Tanimu," ta ce. Sai muryar ta karye. "Tanimu, ni ce."

Saƙon ya tafi, alama guda ta fito ta tsaya. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna jiran ta biyun, mai nuna saƙo ya isa. A waje akuyar tana lasar tukunyar tuwo, babu wanda ya kore ta.