Rubutun Saje a Tsakiyar Faifai

Shekara arba'in da biyar Gladys ta yi da Saje Ebenezer, kuma sau ɗaya tak ya taɓa rubuta mata wani abu, shi ma ba a wasiƙa ba. Yana bariki a Jos aka aika masa cewa ta haihu a Zuru. Ya shiga kanti ya sayi faifan garmaho na waƙar da suke so, ya zaro alƙalami mai tawada ya yi layi uku a kan jar takardar da ke manne a tsakiyar faifan: "Gladys, na ji ɗiya ta zo. A sa mata Hannah. Ajiye min wannan sai na dawo." Ya ba wani direba ya kawo. Mutum ne da ko sannu sai ya ga dama yake faɗa, saboda haka layukan nan uku sun fi mata komai a cikin gidan.

Wata goma bayan an binne Saje, damina ta huda rufin ɗakin ajiya. Ruwan laka ya shiga akwati ya bushe a kan baƙin faifan, fumfuna ta hau kai. Takardar tsakiya ce kawai Allah ya tsare. Ga shi Hannah na tafe daga Kaduna don addu'ar cikar shekara, ta kuma ce a waya ba ta son komai sai ta ji waƙar nan, ta ga rubutun babanta.

Maƙwabciyarta Theresa ce ta ce akwai wani Nasiruddeen mai gyaran rediyo a bayan kasuwa da ke wanke irin waɗannan. Ita ce kuma, da yake ba ta iya ba da shawara ba tare da ta ɗora mata kaya ba, ta ƙara da cewa, "Amma ki buɗe ido, Maman Hannah. Masu sayen tsofaffin faya-fayai daga Legas har Ribah da Wasagu suke zuwa suna bin gidajen tsofaffin sojoji. Shi ya san abin da ke hannunki, ke ce ba ki sani ba. Faifai duk baƙi ne, ya musanya miki kina tsaye."

Da wannan magana a kunne Gladys ta hau kabu-kabu, faifan na naɗe cikin zane a ƙirjinta.

Nasiruddeen dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya sauri a komai. Rumfarsa cike take da matattun rediyoyi, can sama kuma ga faya-fayai jere a kan katako, sun fi talatin. Gladys ta dube su ta ce a ranta, na wace baiwar Allah da wace ke nan? Ya karɓi nata ta gefe-gefe da tafin hannu biyu, ya karkata shi wajen haske.

"Kai! Mama, wanga ba a samun irinai yanzu."

Ai kuwa Theresa ta faɗa.

"Wanki na kawo, ba talla ba," ta ce.

"Na ji, Mama. Amma rubutun ga tawada ce, ba biro ba. Ɗigo guda ya ishe ta. Sai mun rufe ta kamin ruwa ya taɓa."

Ya jawo wani gwangwani ya zazzage kayan aikinsa: murafan kwalba biyu masu faɗi, kowanne an huda tsakiyarsa da ƙusa mai zafi, da zobba biyu na roba da ya yanko daga tsohon tiyub ɗin babur, da wani siririn ƙarfe mai noti. Ya ɗora zoben roba ya zagaye takardar daidai, ya kifa murfi a kai, ya yi haka a ɗaya gefen, ya zura ƙarfen ta ramin faifan ya fara murɗa noti. Gladys na kallo jar takardar ta ɓace, sunanta ya ɓace. Abin da ya rage baƙin faifai ne kamar na kowa.

A lokacin ne ta lura da wani faifan a kan teburin, shi ma an ɗaure shi da irin murafan nan, launi ɗaya, girma ɗaya. A lokacin ne kuma Nasiruddeen ya juya mata baya don ɗauko sifana, babbar rigarsa ta rufe teburin, wata mai tallan dafaffiyar masara ta leƙo ta yi sallama, Gladys ta waiga. Da ta maido ido, faifai ɗaya na hannunsa, ɗaya na tebur. Wanne ne wanne?

"Wancan na wa ne?"

"Na wani fasto ne daga Bena. Tun safe na ɗaure shi, aiki ya hana ni wankewa."

Fasto kuma! Ta ce a ranta, ya ga gicciye a wuyana, shi ya sa ya nemo fasto.

Ya zuba ruwan sama da ya tara a jarka cikin kwano, ya ce na rijiya yana barin farin gari a cikin zaren faifai. Ya ɗiga sabulun wanke-wanke, ya ɗauki burushin fenti mai laushi yana bin zagayen a hankali. Ruwan ya koma launin kunu. Aiki ne mai tsabta, ko makaho ya shafa ya san haka, amma Gladys ba aikin take gani ba. In ya yi shiru, ta ce yana lissafi. In ya yi murmushi, ta ce ya ci nasara. Ya ɗauraye sau biyu, ya jingina faifan a tsaye a bakin taga yana ɗiga, sai ga kiran la'asar.

"Mama, bari in yi salla in dawo. Don Allah kar a taɓa notin ga sai ya bushe sarai. Ruwa na maƙalewa gindin roba."

Ya fita ya bar mata rumfar da duk abin da ke ciki. Wani zai ce wannan amana ce. Gladys ta ce dabara ce: so yake ta zauna kamar gunki har ya dawo ya san yadda zai sallame ta, sai ta je gida ta tarar da faifan wani. Me zai sa a hana mutum ganin kayansa? Ta tuna Hannah a kan hanya, ta tuna yadda Saje ya lanƙwasa wutsiyar harafin farko na sunanta, Gladys. Zuciyarta ta ƙi zama. Dubawa kawai za ta yi, ta mayar.

Notin bai yi gardama ba. Ta riƙe faifan a tsaye ta janye murfin, ga jar takarda, ga sunanta, ga hannun Saje, a bushe ƙayau. Nata ne. Ba ta gama sauke numfashi ba zoben robar ya saki, ruwan da ya taru a samansa ya gangaro ta tsakiyar rubutun. Ta ce, "Wayyo Yesu!" ta kai bakin zanenta ta goge da sauri, irin yadda mace ke goge duk abin da ya zube.

Gogewar ce ta ƙarasa shi. Layi uku suka zama shuɗin tabo guda, rabinsa a takarda, rabinsa a zanenta.

Nasiruddeen ya dawo ya same ta tsaye da murfi a hannu. Ya dubi faifan, ya dube ta, ya dubi na kan tebur, ya gane komai. Ya kwance na faston a gabanta: koriyar takarda ce, ba rubutu ko ɗaya. Sannan ya yago tsohuwar jarida ya danna a kan tabon a hankali, ko za a tsira da wani abu. Wutsiyar harafin farko kaɗai ta rage.

"Da kin ce kina son gani, Mama, ai da na buɗe miki tun kamin in sa ruwa."

Da ya bushe ya ɗora shi a garmaho ya sauke allura. Waƙar ta fito tas, ba ƙarce ba tari, fiye da yadda ta ji ta shekara ashirin da suka wuce. Gladys ta zauna a benci ta yi kukan da ko a makabarta ba ta yi ba, don baƙin cikin wancan Allah ne ya kawo, wannan kuwa ita ta jawo.

Theresa na ƙofar gida tana jira. Ta ga idanun, ta ga shuɗin tabo a zane, ta tafa hannu.

"Ya cuce ki ko? Ai na faɗa!"

Kalma ɗaya ta isa. Da ta ce e, kafin magariba unguwa ta ɗauka, Hannah ma ta yarda, ba wanda zai tambaye ta komai.

"Faifana ne ya ba ni, Theresa. Ya ce kar in taɓa, na taɓa."

Ta shige ɗaki ta nemo biro da takarda. Ta san layukan kamar addu'ar Ubangiji, ba ta ɓata ko harafi ba. Ta rubuta su don Hannah, har da ƙoƙarin lanƙwasa wutsiyar nan, ta ajiye kusa da faifan ta tsaya tana kallo. Kalmomin duk na Saje ne, hannun kuwa nata ne, kuma Hannah ta san hannun uwarta tun tana aji ɗaya.