Pomp ɗin Nu'uman

Nu'uman yana ɗaukar buhunan koko a wata magaza, wato rumbun ajiyar kaya, da ke bakin tashar jiragen ruwa a unguwar Treichville ta Abijan. Yana da asma, amma ba mai tsanani ba ce. Sai ƙurar buhuna ta yi yawa ƙirjinsa yake ɗaurewa, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Matarsa Jannatu ce ta matsa masa ya ga likita. Likitar ta rubuta masa abin shaƙa, wanda mutanen Abijan ke ce wa pomp, ta ce magani biyu ne a haɗe: ɗaya yana buɗe hanyar iska, ɗaya yana kwantar da kumburin da ƙura ke tayarwa. Da ya ji ƙirji ya fara, ya shaƙa. Tun daga nan tarin asuba ya bar gidansu.

Wata Talata aka sauke tsofaffin buhuna. Nu'uman ya raɓa bayan tulin kaya yana shaƙa, sai ga Sadi, shef, wato shugaban 'yan dako. Bai tambaye shi komai ba, ya fizge pomp ɗin, ya ɗaga shi sama a gaban ma'aikata yana faɗa da Faransanci cewa ba a shan ƙwaya a magazarsa. Ya jefa shi cikin aljihun tebur ya kulle, ya ce a koma aiki.

Haka Nu'uman ya yini cikin ƙura. Da ya sauka daga gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, a unguwarsu Adjamé da la'asar, sai da ya dafa bango kafin ya iya ƙarasawa gida.

Jannatu tana tankaɗe ta ji numfashinsa tun daga ƙofa. Ta ruga farmasi ta karɓo wani pomp ɗin, ta zauna kusa da shi har ƙirjin ya saki. Sannan ya ba ta labari, ya roƙe ta ta bar maganar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Sadi ba baƙo ba ne. Ɗan Tawa ne kamar su, ya ci tuwon sunan 'yarsu Samira a tsakar gidan nan.

Da safe ta shiga woro-woro, tasin haɗaka, ta haye gada, kwalin maganin a hannunta. Ta sami Sadi yana shan kafe a bakin magaza, 'yan dako suna jiran a buɗe.

"Malam Sadi, ka san Baban Samira tun kafin ka zama shef. Yaushe ka taɓa ganinsa da maye?"

Ya ce ta rage murya, nan wurin aiki ne.

"Jiya da ka kira shi ɗan ƙwaya, ka rage taka? Ka ga mutum yana neman numfashi, ka ƙwace maganinsa, ka mai da shi cikin ƙura. Da ya faɗi fa?"

Ta miƙa masa kwalin ta ce ya karanta, tunda shi ne mai Faransanci. Bai karɓa ba. Ya shiga ya ɗauko pomp ɗin ya ajiye a kan benci, ya ce to, in dai ciwo ne, magaza ba asibiti ba ce, mai asma ya nemi wani aiki. Jannatu ta ɗauki pomp ɗin ta tafi.

Kwana biyu Nu'uman bai yi mata magana ba, yana ganin ita ta ja aka sallame shi. Daga baya kawunta Abdulbaqi ya sama masa wuri a tashar Adjamé, yana ɗaure kaya a motocin Yamai. Ƙura ba ta kai ta magaza ba, pomp ɗin yakan yi mako bai fito daga aljihu ba.

Sadi ya aiko da naman layya ran babbar salla. Jannatu ta ce a mai da masa.