Bututun da Auta Ya Sa wa Motar Hajiya Zinariya

Ga ta nan, ga ta nanku, amma mai cin abinci ya rufe kwanonsa tukuna.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun rufe.

To, a Gumel akwai wata ungozoma, Hajiya Zinariya. Shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa, da ta yi ritaya aka ba ta haƙƙinta, ba ta sayi gona ba, ba ta sayi zinare ba, sai 'yar ƙaramar mota fara, irin wadda in mutum biyar suka shiga gwiwa kan gaisa da haɓa. Gwiwoyinta sun gaji, motar nan ita ce ƙafarta. Ga ta da ƙyanƙyami, ko ƙuda ne ya sauka a kofinta sai an sake wankewa. Ba ta iya tuƙi ba, autanta Anas ke jan ta. Ba yaro ba ne fa, da gemunsa da matarsa Yelwa, sai dai waya ta cinye masa hankali.

Wata rana a bazara tana zaune a tsakar gida, sai ta ji gurnani a ƙofa kamar ana ɗora wa raƙumi kaya. Ta leƙa, ashe motarta ce.

"Auta, me ya same ta?"

"Umma, gyara na yi mata, zo ki gani."

Ya ɗaga murfin inji. Baƙin akwatin roba da motar ta zo da shi, mai tace mata iska, ya cire. A gurbinsa ga wani bututu mai ƙyalli ya gangara har kusa da ƙasa, bakinsa da jar matata kamar mazurari. Daga Kano ya sa aka kawo. Wai a waya ya gani, in inji ya shaƙi iska mai sanyi daga ƙasa ƙarfinsa ƙaruwa yake.

"Iska mai sanyi? A Gumel, a wannan watan? Mu masu hanci ba mu samu ba sai mota? Ina akwatin?"

Akwatin kuwa tuni Yelwa ta zuba masa ƙaiƙayi ta ajiye wa kazarta.

Ƙarfin da aka ce, Hajiya ba ta gan shi ba. Su hau hanyar Gagarawa motar na ta ruri, adaidaita ta zo ta wuce su da buhunan riɗi. Fetur kuma ya ƙara saurin ƙarewa, don Anas takawa yake kawai ya ji ƙara. Ƙarar ta fi abin, kamar tusa a kasuwa.

Ana nan, matatar ta yi datti. Mutumin cikin waya ya ce a wanke a shafa mata wani mai na musamman. Anas ya zaga Gumel bai samu ba, ya ce ai mai duk mai ne, ya shiga ɗakin girkin Yelwa ya ɗebo man gyaɗa ya shafe ta jagab. Motar kuma a rumfa take kwana, kusa da buhunan gero. Kun san masu ziyartar buhun gero. Ba a yi sati biyu ba Hajiya ta fara toshe hanci da mayafi.

"Auta, wani abu ya mutu a motar nan."

"Umma, ƙamshin sabon ƙarfe ne."

Damina ta faɗi. 'Yarta Rahama ta haihu a Ɗanzomo, suna ranar Juma'a. Ran Alhamis Hajiya ta ci ado da farin leshi, ta ce su je kasuwar Maigatari ta sayo ƙafafun sa na ƙaurin mai jego. Da safen an tafka ruwa. A bakin kara, inda ake tsai da shanu, ruwa ya kwanta a hanya, ba ruwa zalla ba, kashin shanu ne da fitsarinsu suka dame ya yi kore shar, ƙudaje na biki a kai. Ƙananan motoci na ratsawa a hankali suna fita, don nasu hancin a sama yake inda masu ƙira suka sa shi.

"Auta, zagaya."

"Umma, wannan motar yanzu ai ba sa'arsu ba ce."

Ya taka, suka faɗa. Sai Hajiya ta ji zuuut, kamar tsoho marar haƙori na zuƙar koko, sai ƙwas, sai shiru. Anas ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Motar ko tari ba ta yi ba.

Haka baiwar Allah ta buɗe ƙofa ta sa ƙafa cikin wannan kunu. Har ɗumi gare shi. Takalminta ɗaya ya maƙale a ƙasa, ba ta ko waiwaye shi ba. Wani dillalin shanu ya ce, "Sannu Hajiya, a kawo buta?" Ta ce, "A kawo rijiya." Da amalanken shanu aka jawo motar zuwa tudu, daga nan wata akori-kura ta ja ta har Gumel, wajen kanikenta Malam Habibullah.

Malam Habibullah ya kwance jar matatar, ya ɗaga ta da yatsa biyu. Ɓeraye sun bi man gyaɗa sun ci gefe guda, sun yi rami ya kai dunƙulen hannu. Ya zazzage bututun a ƙasa: ga kashin ɓera, ga tururuwa, ga gashin akuya, ga wani ɓera guda da ya daɗe da rasuwa ya kumbura ya saɓule. Hajiya da ta ga jini da mabiyiya shekara talatin da biyar ba ta taɓa kau da kai ba, ranar sai da ta koma bayan bishiya ta amayar da karin kumallonta. Da ya cire fulogogi ya juya injin, koren ruwan nan ya yi tsartuwa har gemun Anas.

"Hajiya, sai haƙuri, inji ya buga. Ruwa ya sha, ƙarfen ciki ya lanƙwashe."

Anas ya ce, "Amma Malam, a waya..."

"A waya motar wa ka gani? Ta tsere, a kan kwalta mai sulɓi. Wannan 'yar motar ko ƙanƙara ka ba ta, abin da za ta ƙara ba za ka ji shi ba, sai dai kunnenka ya sha ƙara. Ka ɗauki hancin mota ka kai shi inda kaza ke kiwo, ka kuma yi masa miya. Maza kawo akwatinta na asali."

Aka je ɗauko akwati, sai ga kazar Yelwa kwance a ciki kan ƙwai tara. Anas ya miƙa hannu, Hajiya ta buge shi.

"Kul! Ni ban taɓa tayar da mai naƙuda daga gado ba. Ta fi ka sanin amfanin abin."

Ta karɓe makullin ta ƙulle a bakin zaninta.

Hajiya ta je suna Ɗanzomo a motar haya, an matse ta da kwandon tumatir, ba ƙauri. Rahama ta yi jego lafiya da wanda dangin miji suka kawo. Anas ya sayar da babur ɗinsa ya sayi wani injin, yanzu a ƙasa yake zuwa kasuwa. Kaza ta ƙyanƙyashe bakwai, sannan aka wanke akwati da ruwan zafi sau uku aka mayar. Motar ta tashi bayan an yi girbi, shiru kamar da, Yelwa ce ta koyi tuƙi take jan surukarta. Farin leshin an ƙone shi. Bututun kuwa Hajiya ta sa aka yi magudanar ruwan bayan gida da shi, yana nan har yau. Ƙurunƙus, ku buɗe kwanoninku in kuna iyawa.