Munduwar Inna a Maƙerar Muntaka

Ni mutum ne da ban taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba. Maiɗakina Luba shaida ce: ranar da na ce zan gyara ƙofar akurki da kaina, a ɗakinmu kajin suka kwana. Sana'ata sayar da iri da maganin ƙwari a kasuwar Gezawa, ko a can ma baki ne ke aiki, ba hannu ba. Amma da bikin 'yata Tahira ya matso, sai wani tunani ya shige ni, irin wanda ke shigar mutum idan furfura ta fara yawa. Wai in ƙera mata 'yan kunne da hannuna, daga munduwar mahaifiyata Inna Aina'u, Allah ya jiƙanta.

Munduwar azurfa ce mai kauri, irin ta mutanen da. Ita kaɗai na ɗauka cikin kayan Inna. Tana naɗe cikin tsohon kallabinta a ƙasan akwatina. In kewa ta dame ni sai in tura ƙofa, in warware, in zuba mata ido har hawaye su zo, sannan in fito ina cewa maganin ƙwari ne ya shigar min ido.

Wani mai sayen iri ne ya ba ni labarin Malam Muntaka, maƙerin azurfa a wani ƙauye kusa da Bagwai. 'Ya'yansa duk sun gudu birni tuƙin a-daidaita-sahu, ya rasa mai yi masa zuga, sai ya kafa doka: duk wanda ya kawo aiki, shi zai zauna ya yi da hannunsa, Malam sai nuni. Abin da ya fara don dole ya zama abin yayi, har samarin birni na zuwa suna ɗaukar hoto da waya.

Ana haka aka gayyace mu ɗaurin aure a Shanono, ni da Abdulmumini, a tsohuwar motarsa. Abdulmumini aminina ne tun muna kiwon awaki. A kwano ɗaya muka ci tuwon Inna, ita kuwa ɗana take ce masa. Lokacin da na tafi Kudu fataucin albasa bayan rasuwarta, shi na ba wa ajiyar munduwar nan, don ban yarda da yayana Tasi'u ba. Tasi'u ya ji labari, har yau gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau.

Ban gaya wa Abdulmumini komai ba sai da muka kamo hanyar dawowa. Daidai wata kwana na ce ya karya dama.

"Dama ina? Gidan surukanka ne a can?"

Na zaro ƙunshin kallabin daga aljihu na nuna masa, na faɗa masa niyyata. Motar ta yi wata tangal-tangal har sai da na dafe gaba.

"Kai tsoho, kashe mu za ka yi?"

"Rami ne," in ji shi. Ban ga rami ba. "Hashimu, kai da ƙira? Kai da ko fensir ba ka iya fiƙewa? Bari mu tafi gida, ga hadari can a gabas."

Na leƙa gabas, sararin nan tas kamar an wanke shi. Ya ce motar ba ta son hanyar ƙasa. Ya ce naman walima ya ɓata masa ciki. Ni kuwa dariya nake ta yi, a raina ina cewa hassada ce, yana tsoron in zama maƙeri in bar shi a baya. Hankalina ke nan, ni da nake ba manoma shawara.

Hanyar ta ratsa tsakanin gonaki, gero ya fitar da kai dama da hagu yana shafar gilashi, wannan gona jingine da waccan, gida na kallon gida. Muka iske maƙerar ƙarƙashin wata tsamiya: rumfar kara, zuga-zugin fatar akuya, uwar maƙera kafe a kututture, da 'yan kasake ƙanana baƙi ƙirin. Malam Muntaka dattijo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni, na miƙa masa ƙunshin.

Ya mayar da hannuwansa baya. "A'a, Alhaji, riƙe kayanka. Nan ba na taɓa azurfar mutum sai ya yanka ta da hannunsa, ya zuba a kasko da hannunsa. Haka na gada. Maƙerin azurfa kullum abin zargi ne, in abu ya ragu an ce shi ya ci, in ya canza an ce shi ya musanya. To kowa ya yanka kayansa."

Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Ya fara ɗora ni a kan zuga-zugi. Abin da na ɗauka wasa ne, sai ga shi hannun dama na son sauka lokacin da na hagu ma ke son sauka. Na danna duka biyun gaba ɗaya, toka ta tashi ta rufe min fuska da farar rigar ɗaurin aure.

"Sannu a hankali, Alhaji, ba gobara muke kira ba. Kamar masu daka: wannan ta ɗaga, waccan ta sauke."

Na juya don in karɓi tsiyar da na san Abdulmumini zai yi min. A irin wannan, sai ya shekara yana ba da labari a majalisa. Yana zaune a kan turmi, ya zuba wa ƙasa ido.

Malam ya ba ni guntuwar wayar ƙarfe in gwada duka. Na doke ta, na doke ta, na doki babban yatsana, na ambaci sunan Allah da ƙarfin da ban taɓa yi a masallaci ba. Da ya ga wayar ta fara faɗi ya ce hannu ya soma faɗawa, in kawo babban aiki. Na warware kallabin, na ɗora munduwar a kan uwar maƙera, ya miƙo min ƙarfen yanka da masaba.

Sai ga Abdulmumini a kaina, ya riƙe min hannu.

"Hashimu, don girman Allah. Kayan gado ake yankawa? Abin da Inna ta sa a hannunta? Ka ba Tahira haka nan, ta ajiye, ta ba 'ya'yanta. In azurfa kake so, ni zan saya maka a Kurmi."

Ya ƙi sakin hannuna. Wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido. Na ce a raina, ka ga ɗan halak, ya ma fi ni son Inna. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Mumini, ita ma da ranta ta taɓa yanka. Ba za ta ƙi jikarta ba."

Na saita, na rufe ido ɗaya, na sauke masaba. A karo na farko a rayuwata duka ya sauka inda na nufa. Munduwar ta rabu biyu.

Cikinta ja ne. Ja kamar garwashi, sai wani siririn fari a baki-baki kamar ɓawon albasa.

Na ɗaga kai na dubi Malam Muntaka, ko dai haka azurfa take a ciki, don ni ban taɓa shiga ba. Ya gyara gilashi, ya sunkuya, ya ɗago.

"Ikon Allah," in ji shi. Sai da na matsa masa ya ce, a hankali kamar mai ta'aziyya, "Jan ƙarfe ne, Alhaji. Ruwan azurfa aka yi masa."

Kafin in sami bakin magana, Abdulmumini ya riga ni.

"Allah sarki Inna! Ashe duk rayuwarta jan ƙarfe take sawa ba ta sani ba. Ka san kasuwar da, an cuci Baba ke nan. Ko kuma... ka dai san Baba da riƙon hannu. Allah ya yafe musu. Tashi mu tafi, a rufa wa matattu asiri."

Na kusa tashi. Har na fara jin haushin Baba a kabarinsa. Sai idona ya sauka a kan yatsan da na doka, da zoben da ke maƙwabtaka da shi. Lokacin aurena da Luba, Inna ta kai munduwar nan gun maƙeri, a gabana aka gutsure bakinta ɗaya aka yi min wannan zobe. Shi ya sa baki ɗaya ke da dunƙule, ɗayan gundul.

Na murza zoben da ƙyar ya fita. Na ce Malam ya ba ni magagari. Na goga, na ƙara gogawa har na yi masa rami. Fari ne har ciki.

"Wannan fa?"

"Wannan azurfa ce," in ji Malam Muntaka, ba tare da ya dubi kowa ba.

Na ɗauki rabin munduwar na juya. Ga bakin nan gundul, har da 'yar karkatar yankan. Wato wani ya zauna gaban wani maƙeri, da ta gasken a hannunsa, ya ce a yi masa irinta sak, kada a manta da gutsuren. Ba aikin gaggawa ba ne. An sha zama, an duba, ƙila ma an mayar an ce a gyara. Kuma tun da ta bar hannun Inna, hannu biyu ta sani: nawa da wanda na ba ajiya.

Malam Muntaka ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Bari in leƙa awaki, kada su shiga gyaɗar mutane." Ban ga akuya ko ɗaya a wajen ba. Allah ya saka masa da alheri.

Muka saura mu biyu, da wutar da ke mutuwa.

"Mumini."

"Na'am."

"Baba ne ya cuce ta?"

Ya daɗe yana wasa da makullin mota. "Wata buƙata ce ta taso min kana Kudu. Niyyata in mayar kafin ka dawo."

Na ji wani sanyi-sanyi. Na ce to, ko rashin lafiya ce, ko wani abin kunya ya rufe. Har na fara shirya yadda zan yafe, da irin maganar da zan yi mai ratsa zuciya. Ni fa ina son in yafe wa mutum a gaban shaida.

"Wace buƙata?"

Ya sosa ƙeya. "Kai Hashimu, abin da ya daɗe. Ko taki ne, ko lokacin da injin motar farko ya buga... wallahi na manta."

"Ka manta."

"To ƙarya kake so in yi maka?" Muryarsa ta fara dawowa daidai, irin ta majalisa. "Kuma tsakani da Allah, me ka rasa? Sawa kake yi? A akwati take. In don kukan nan ne da kake rufe ƙofa kana yi, ai wannan ma ta yi maka aiki. Da ba ka zo nan ba, har ka mutu lafiya kalau kake. Sai da na ce maka mu wuce."

Duk duniya mutum ɗaya na taɓa gaya wa zancen rufe ƙofar nan. Ko Luba maganin ƙwari ta sani. Na tuna ranar da na gaya masa, muna zaune a bakin rumfata, ya jinjina kai ya ce uwa daban ce. Ashe lissafi yake, yana cewa aiki ya yi kyau.

Ban zage shi ba. Na so in yi, amma duk zagin da na iya tare muka koye shi. Na ce ya je mota ya jira ni.

Da Malam Muntaka ya dawo daga awakinsa, na tura masa zoben na ce ko zai isa 'yan kunne. Ya ce ƙanana, in ba na ɓarna. Na yanka da hannuna, na zuba a kasko da hannuna, na koma kan zuga-zugi. Wannan karon hannuwan suka ji magana, ƙila don hankalina ba ya kansu. Na ga zoben ya yi ja, ya lanƙwashe, ya taru ya zama ɗigo ɗaya yana rawa yana sheƙi. Duk abin da ya rage na azurfar Inna bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Muka zuba, muka doka, muka ja, ya kama hannuna muka lanƙwasa, aka tafasa su a ruwan tsamiya suka fito fari tas. Ɗaya ya fi ɗaya girma. Malam ya ce ba komai, ba a kallon kunne biyu lokaci ɗaya.

Na tattara guntayen jan ƙarfen zan bar masa, ya ce a'a, nan ba a barin kayan mutum. Na zuba su a aljihu, 'yan kunnen kuma na naɗe a kallabin.

Abdulmumini ya riga ya tayar da mota, ya miƙa hannu ya buɗe min ƙofar gaba kamar kullum. Na zagaya na buɗe ta baya. Buhun masara ne a can da tsohuwar taya, kujerar ma ta fashe, wani ƙarfe ya leƙo. Na cusa kaina na zauna.

"Haba Hashimu. Dawo gaba mana. Mutane su ce ni direbanka ne?"

Na ce, "Mu je."

Muka fito daga cikin geron muka hau kwalta. Ya yi zancen tsadar taki, ban tanka ba. Ya yi zancen bikin Tahira, wai shi zai kawo rumfa da kujeru, ban tanka ba. Daga Bagwai har Kano, daga Kano har Gezawa, ƙarfen nan na sukata a cinya duk ramin da muka faɗa, ƙafata ɗaya ta mutu ƙarƙashin buhu. Yana ta leƙena ta madubi yana kiran sunana. Ban gyara zama ba, kada ya ɗauka amsawa ce.