Sunan Da Za A Kira A Kan Ƙanƙara

"To wanne zan kira, Karasawa ko Nukui?" in ji Tokuji mai shela, yana ƙwanƙwasa makirufo da yatsa. "Yi sauri, angon gidan tofu, kafin ƙanƙarar ta narke."

"Tsufa dai bai raba ka da tsiya ba," in ji Shunpei. Ya yi dariya, amma iyakarta leɓe.

Yau ne wasansa na bankwana a filin zamiya na Hachinohe. Da sunan Karasawa ya tashi a kan ƙanƙara, da shi 'yan kallo suka san shi. Amma doka suna ɗaya ta yarda wa mata da miji, kuma mahaifin matarsa Chizuru ba shi da ɗa namijin da zai gaji shagon tofu, wato awara. Shunpei kuwa son Chizuru ya kai masa har ɓargo, sai ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki nata, Nukui. Ga 'ya'ya biyu, ga na uku a ciki, duk Nukui. Jiya ma babbarsu, Suzune, ta ga tsohon wasansa a talabijin, ta karanta sunan da ke ƙasa ta ce, "Wannan ba Baba ba ne, kama ce kawai."

Can saman benci, cikin kujerun da ba kowa tukuna, mahaifiyarsa ce zaune ita kaɗai, bargo a gwiwa, butar shayi a gefe. Tun daga Kushiro ta taho. Ita ce Karasawa ta ƙarshe; ranar da ta bi mijinta lahira, za a cire allon sunan daga ƙofar gida, kabarin danginsu kuma ba mai sake shigarsa, har shi Shunpei.

Ya rufe kaifin takalmansa na zamiya, ya hau wurinta da kyar.

"Mama, Tokuji na tambayar sunan da zai kira. Na san kina son ki ji namu, ko sau ɗaya ne."

"Namu?" Ta zuba masa shayi a murfin butar. "Sha, hancinka ya yi ja kamar na mashayi. Ni fa da sunan Ebina aka haife ni. Ranar aurena na cire shi kamar yadda ake cire takalmi a bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye ni ko da ciwo. Har yau idan aka kira wata Ebina a asibiti, sai na waiga."

Bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Ya daina ciwo?"

"Bai daina ba. Amma da kai ka iya rubuta Karasawa a jikin jakar makarantarka, sai ya zama nawa." Ta gyara bargonta, ba ta dube shi ba. "Ni ko da me aka kira ka zan gane ka, sarkin faɗuwa. Yarinyar ce ba ta gane ba."

Ya daɗe a gefenta, sanyi na tasowa daga ƙasa, shayin na hucewa a hannunsa. Sannan ya miƙe, muryarsa ta cika filin da ba kowa.

"Tokuji! Nukui za ka kira. Ka ɗaga murya, 'yata ta ji."