An Gyara wa Tela Fili

A bayan unguwar akwai wani fili da tela ya gada, wanda masu ɗibar yashi suka rarake suka bar shi fayau, ko akuya ba ta tsayawa a ciki. Kowa ya ce ya sayar ko ya gina shaguna, ya yi kunnen uwar shegu. Kullum idan ya rufe keken ɗinkinsa sai ya tafi can, yana cike ramuka da busasshen ganye, yana tsinto iri a bakin hanya yana binnewa. Abin da ya tsiro da kansa kuwa, ƙaya ce ko ciyawa, ba ya taɓa shi.

Shekaru suka ja, wurin ya yi duhu. Kurciyoyi suka dawo, zuma ta kafa gida a wani kogo, har bushiya ya taɓa gani da 'ya'yanta a bayanta. Ranar bai iya cin abinci ba don murna, matarsa ta yi ta yi masa dariya wai an yi masa jikoki.

Mutanen unguwa ba wai ba sa son bishiya ba ne. Idan rediyo na maganar dasa itatuwa har gyaɗa kai suke yi. Amma a wurinsu bishiya ita ce wadda aka jera a layi, aka shafa wa gindinta farin fenti, aka share ƙarƙashinta tas. Na tela kuwa sunansa ƙazanta, gidan sauro da macizai. Ya yi bayani har bakinsa ya gaji, su dai sai su ce Allah ya ba shi lafiya.

Sai yanar ido ta rufe masa gani, zare ma ya daina shiga allura. Aka kai shi asibitin babban gari aka yi masa aiki, ya zauna gidan 'yarsa yana jinya. Da ya dawo, tun daga bakin titi ya ji ƙaurin hayaƙi. Matarsa ta ƙi haɗa ido da shi.

"Malam, ka sha ruwa tukuna," ta ce. "Kuma don Allah duk abin da ka gani, ka riƙe bakinka. Da zuciya ɗaya suka yi."

Bai sha ruwan ba. Ya zagaya baya, ya tarar da fili fes, baƙi ƙirin da toka, an tara itacen a gefe an ɗaure dami-dami. Bishiya ɗaya suka bari a tsakiya, sun sassabe mata rassa. Da sabon idonsa ya ga komai tar, har kututturen da ke zubar da ruwa.

Kafin ya juyo maƙwabta sun taru a bayansa, kowa fuska a sake. Mai kemis ne a gaba, yana nuna masa kantar da gatari ya yi masa a tafin hannu.

"Baba, sannu da jiki. Mun ga ciwo ya hana ka kula da wurin, muka ce ai ba za mu zuba ido ba, kai da ka ɗinke mu tun muna yara. Ko sisi ba mu yarda Inna ta kashe ba."

Tela ya dube su ɗaya bayan ɗaya, yana neman ko da mutum guda mai mugunta a fuska, wanda zai iya zagi ya huce. Babu. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya rasa wanda zai sauke wa baƙin cikinsa.

"Na gode," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Ya tsuguna ya tona tokar da yatsa. Saiwa dai tana ƙasa, ya faɗa wa kansa. Idan ruwa ya sauka wani abu zai tofo, ko da shi ba zai ga girmansa ba.

Mai kemis ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ma ka wahalar da kanka, Baba. Mun bi ko'ina da maganin feshi, mai ƙarfin nan. Mai sayarwa ya rantse mana ba abin da zai sake fitowa."