Rigar Lagireto

Tun kafin ya kashe babur bakaniken ya hango surukinsa tsaye gaban motar, bonet a ɗage, ya naɗe hannu da gefen riga yana shirin kwance murfin lagireto.

"Baba, a dakata. In aka buɗe yanzu ruwan zafi zai watso fuska. A bari ta huce."

Tsohon ya janye hannu, ya koma inuwar katangar gidan mai ya tsaya. Ko gaisuwar kirki ba su yi ba.

Bakaniken na cikin fargaba tun lokacin da aka kira shi a waya cewa motar ta yi zafi. Shekara goma sha ɗaya yana auren 'yar wannan tsohon tela, amma motar nan ba ta taɓa leƙa garejinsa ba. Can wajen wani ake kai ta, wai sabo. Sai watan jiya da inji ya buga, tsohon ya miƙo masa makulli yana kallon wani wuri. Kwana tara ya yi a kanta, ya zazzage injin kaf ya ɗaure, ya sa mata sabuwar lagireto fil. Yau kwana huɗu kacal da gama aikin, ga ta tana huci a gefen titi. In har gasket ɗin injin ne ya ƙone, to hannunsa ne, kuma ya san makullin nan ba zai sake zuwa wurinsa ba.

Da ta huce ya fara da abin da ya fi tsoro. Ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Da ruwa ya haɗu da mai, da ya ga abin ya koma kamar shayi da madara. Man nan garau yake. Ya cika lagireto da ruwa, ya tayar da mota, ya zura ido a bakin yana jiran kumfa, ba ta zo ba. Ya zagaya baya, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Sai a nan ya ja numfashi har ciki.

"Gasket lafiya lau, Baba."

"To," in ji tsohon, kamar wanda aka gaya wa ƙarfe nawa.

Fanbel a ɗaure yake tam. Tiyo ba ya yoyo ko ta ina. Fanka ta tashi da kanta a kan lokaci. Minti goma sha biyar motar na aiki a tsaye, allurar zafin inji ta ɗan haura tsakiya ta tsaya cak, kamar mara lafiyar da ya warke don ya ga likita.

"Baba, a wane lokaci take hawa?"

"Cikin gari ba ta ce min komai ba. Da na hau babban titi na taka ta, sai allura ta nufi ja."

Nan bakaniken ya sosa ƙeya. Ai abin a juye yake. Mota a cunkoso take zafi, in ta samu buɗaɗɗen titi iska ta shiga ta sanyaya ta. Wadda ke zafi a guje, ko ruwa ba ya zagayawa, ko iska ba ta shiga. Ya yago takarda daga ɗan littafin aljihunsa, ya ɗora a ragar gaban motar fanka na juyawa. Kamata ya yi iskar ta zuƙe ta ta manne. Takardar ta sulale ƙasa.

Ya durƙusa, ya haska fitilar waya ta cikin raga. Maimakon ƙyallin sabuwar lagireto, wani baƙin abu ya gani ya rufe ta ruf. Ya cusa hannu ya kwance igiya ɗaya, biyu, har huɗu, ya jawo shi waje.

Tamfol ne, an yanka shi daidai girman lagireto, an kalmashe gefuna, ɗinki a miƙe kamar an ja da rula. Wannan ɗinkin kuwa ya san shi, shi ne a jikin kayan makarantar 'ya'yansa.

Dariya ta taso masa tare da wani sanyi da ya ratsa shi har ƙafa. Ya danne ta da ƙyar. Ta yaya mutum zai dubi uban matarsa ya ce masa kai ne? Ya tsaya yana juya tamfol ɗin a hannu kamar mai shirin saye.

Tsohon ya matso, ya dubi abin, ya dubi motar, ya yi gyaran murya.

"Na ga ka sa mata sabuwa, aikin ya yi kyau. Na ce ƙwari da datti za su ɓata ta."

"Ɗinkin ma ya yi kyau, Baba. Sai dai ita ta nan take shan iska."

Tsohon ya ce a hankali, "Garin neman gira."

Suka hau babban titi don gwaji, bakaniken na tuƙi. Ya taka ta sosai, allura ko motsi. Suna juyowa wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. Muryarta kuwa ba ta buƙatar lasifika.

"Baban yara, me ya same ta? Mama ta kira ni sau uku."

Ta gefen ido ya ga tsohon ya miƙe wuya yana kallon gaba.

"Ƙaramin abu ne, iska ce ba ta shiga. Da na leƙa gaban tun farko da ban ɓata lokaci ba. Ki ce mata an gyara."

Suka dawo gidan mai. Tsohon ya ninke tamfol ɗinsa gida huɗu, ya sa a aljihu, ya zagayo ya karɓi kujerar direba. Ya tayar, ya ɗan ja, sai ya tsaya ya sauke gilashi.

"Akwai wata ƙara a ƙafar baya, ta kai shekara. Ran Asabar zan kawo ta. Kada ka ba kowa, kai za ka duba."